Rahoto Daga Gada

Kyaftin ya rasu ranar Talata da hantsi, a kan gadonsa, da takalmi ɗaya a ƙafa. Ya haura tamanin. Tela, maƙwabcinsa na jikin katanga, shi ya zare masa takalmin.

Tun da ciwo ya kwantar da shi tambayarsa ɗaya ce: "Sun haye?" Sai ya yunƙura neman takalma, ya faɗo. Matarsa takan buga katanga, tela ya bar keken ɗinki ya zo ya riƙe shi.

Kowa a unguwa ya san labarin. A yaƙin basasa an umarce shi ya fasa wata gada kafin abokan gaba su iso. Ya tarar mutanen gari na tsallakowa, da awaki, da tsofaffi a goye. Sai ya tura wani kofur da 'yan sojoji hayin kogi su tare hanya. Da mutum na ƙarshe ya haye, motocin abokan gaba sun riga sun bayyana. Ya sa aka fasa gadar, kofur na can. Kofur ɗin ƙanen matarsa ne. Tun daga nan ba ta sake ambatonsa a gabansa ba, shi kuma bai sake kulle ƙofar gida ba.

"Sun haye, Baba, wallahi duk sun haye," in ji tela.

"Kai wa? Farar hula zai ba ni rahoto? Je ka ƙarasa wandon mutane."

Ran Talata, tela na riƙe da shi, matar ta ajiye kwanon magani, ta gyara ɗaurin zane, ta tsaya a ƙarshen gado. Ta haɗe dugadugai, ta kai hannu goshi.

"Ranka ya daɗe, rahoto daga gada. Mutanen gari sun haye, ko akuya ba a bari ba."

Kyaftin ya daina kokawa. "Kofur fa?"

Tela ya sunkuyar da kai.

Matar ta ce, "Kofur ya ce a gaya maka ka yi daidai. Ya ce da shi ne, haka zai yi."

Tsohon ya daɗe yana kallonta. "Da hagu kike sara mini? A wane bariki kika koya?"

"A naka."

Ya yi 'yar dariya, ya koma kan matashi. "An sallame ki, soja."

Tela ya ji damtsen da yake riƙe da shi ya saki. Kyaftin ya yi barci, barcin da bai samu ba tun da ya kwanta, bai kuma farka ba.

Matar ta zauna a bakin gado, ta sauke numfashi, ta nemi ruwa ta shanye kofin duka.

Da tela zai fita sanar da maƙwabta, ya ja ƙofar gida zai rufe.

"Bar ta yadda take, ɗana," ta ce daga ɗaki.

Har yau ba a ga gawar kofur ba.