Lambar da Baba Bai Gani Ba

Ni na matsa wa Baba sai mun je shagon kayan farauta. Shekara biyu ke nan yana fita farauta yana dawowa hannu rabbana, ni kuma na yanke cewa kayan aikinsa ne suka tsufa. Sati guda na yi ina karance-karance a waya kan madubin hangen nesa mai auna nisa, irin wanda in ka danna maɓalli lamba za ta fito a cikin gilashin ta nuna mita nawa ne tsakaninka da dabba. Ko kurciya ban taɓa harbi ba, amma ranar ji nake na fi kowa sani.

Shagon ɗan tsukuku ne a saman bene, sai warin roba da man goge bindiga. Mai shagon, wani dattijo mai sanyin magana, ya jera mana guda uku a kan kanta.

"Wannan sau takwas yake kusanto da abu, ba ya rawa a hannu," in ji shi. "Wannan sau goma, amma da nauyi. Baba, da asuba kuke fita ko da yamma?"

Kafin Baba ya buɗe baki na amsa masa. Na yi ta zuba a kan faɗin gilashi da ƙarfin batir, har wasu mutum biyu da ke duba jakunkuna suka juyo suna saurare. Hakan ya ƙara min kai.

Mai shagon ya buɗe taga ya nuna wani tankin ruwa a bayan rufin gidaje, ya ce Baba ya gwada. Baba ya ɗora madubin a ido, ya danna, ya daɗe yana leƙawa.

"Nawa ya nuna?" na tambaye shi.

"Ɗari biyu da goma," in ji Baba.

Na karɓa na duba. Ga lamba ja ɓaro-ɓaro, ɗari da arba'in da shida. Sai na yi dariya.

"Baba, lambar ma sai an karanta muku?"

Ɗaya daga cikin mutanen nan ya yi murmushi, ɗayan ya sunkuyar da kai. Baba, wanda ya koya min lissafi da tsakuwa a ƙofar gida, gyara hularsa kawai ya yi.

Mai shagon bai kalle ni ba. Ya matso kusa da Baba, ya sassauta murya ya ce ya rufe idon hagu ya dubi kalandar da ke bango.

"Me kuke gani?"

"Fari kawai," in ji Baba. "Kamar an shafa madara."

"A idon dama lambar take fitowa," in ji mai shagon. Ya mayar da madubin cikin kwali a hankali. "Ku fara ganin likitan ido. Kayan suna nan, ba inda za su."

Da muna saukowa na lura Baba yana dafa bango, yana laluben kowace matakala da ƙafa. Haka ya hau ɗazu ma, ina gaba ina ta surutu. A ƙasa na tsaya, na juyo gare shi.

"Tun yaushe, Baba?"

"An kwana biyu."

"Me ya hana ku faɗa?"

"In na faɗa, babarku za ta ɓoye bindigar. Tun bara ban ɗana ta ba, Auta. Zuwa nake in zauna a gindin itace in ji kukan tsuntsaye." Ya dube ni. "Kai kuma na ga ka sa rai, shi ya sa na biyo ka."

Maimakon in ba shi haƙuri, jakarsa kawai na karɓa na riƙe har inda muka ajiye mota.

Likita ya ce yanar ido ce ta rufe masa idon dama, an kuwa yi masa aiki bayan wata guda. Ranar da aka cire bandeji ya karanta takardar magani da kansa, sannan ya ce zai koma shagon ya ɗauki mai sau takwas ɗin. Na miƙe ina neman makullin mota.

"Zauna abinka," in ji shi. "Da yayarka za ni."