Ruwan da Sallau Ya Roƙo

Ranar da 'yata Anisa za ta fara sauke jirgin sama a Damagaram, sai da na tabbatar duk Matameye ta sani. Na gaya wa mai nama, na gaya wa mai niƙa, na gaya wa maƙwabciyata Hajiya Sadiyya, wadda tun Anisa tana lakwal, wato makarantar boko, take cewa tuƙin jirgi ba na mace ba ne. Allah da ikonsa, mijinta Alhaji Fahad yana cikin fasinjojin da za su taso daga Yamai.

Shekarar nan kuwa ruwa ya ɗauke, gero ya fara lanƙwasa. Da safe maigidana Sallau ya bi jama'a roƙon ruwa a bayan gari, ya dawo da rigarsa a juye kamar yadda masu roƙon ruwa ke yi.

Na ce, “Malam, duk ranakun Allah sai yau?”

Ya ce, “Rabi, da gona aka yi karatun nata.”

Muka cika mota har da Hajiya Sadiyya da kwanon dambuna. Kafin mu kai filin jirgi gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta taso, muka ji rugugin jirgi a kanmu, ya zagaya, ya sake zagayawa, ƙarar ta yi nisa ta ɓace. Wani ma'aikaci ya fito ya ce jirgin ya juya Yamai.

Hajiya Sadiyya ta gyara mayafi ta ce, “Ayya, ko tsoro ta ji? Ai da ma da sauƙin tashi.”

Kunya ta kama ni, haushi ya fi ta. A hanyar komawa ruwa ya tsuge, Sallau yana ta hamdala, ni ko kallonsa ban yi ba.

Muna shiga gari wayar Hajiya ta yi ƙara. Ta buɗe murya don mu ji ƙorafin Alhajinta.

“Hajiya, ki yi sadaka!” in ji shi. “Iska ta riƙa jifa da mu, ni da wasu muna ihu a sauka kawai. Yarinyar nan ta yi magana tsaf, ta ce titin ba ya ganuwa, man jirgin zai kai mu Yamai, ba za ta yi caca da ran kowa ba. Ki ba ni Sallau.”

Hajiya ta miƙa wa Sallau wayar.

Da la'asar Anisa ta kira. Na fara mita a kan dambuna, ta yi dariya ta ce, “Inna, Baba ya riga ni neman izinin sauka. Ruwansa na ba hanya.”

Na ɗauki kwanon da kaina na kai gidan Hajiya Sadiyya. Na ce ta ajiye wa Alhaji, gobe 'yata za ta kawo mata shi.