Tabarmar Kacalla ta Ya Meram

Na fito zubar da ruwan wanke-wanke ke nan na hango maƙwabciyata Ya Meram ta karyo kwanar lungunmu, tabarmi a naɗe a kanta, tana jan ƙafa. Ƙafafun nan sun kumbura har silifas ya ƙi shiga, yatsu kawai ta saƙala. Na ajiye bokiti na tare ta, na ce ta kawo in karɓa, ta ƙi. Sai da muka shiga tsakar gidanta ta sauke su da kanta, ta zauna a kan turmi tana haki.

"Maman Rumaisa, kin san inda na samo su? Bayan buhunan gero, a shagon Abbagana."

Abbagana ƙaninta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, hatsi yake sayarwa a kasuwar Nguru. Tabarmin kuwa na gane su sarai. Su ne waɗanda wata mata ta zo ta saya kwanan baya, ta ce daga Dapchi take, labarin aikin ne ya kai mata. Ranar Ya Meram bakinta ya ƙi rufuwa, har kunun gyaɗa ta aiko mini. Ashe Abbagana ne ya turo matar don ya faranta wa yayarsa rai, ya karɓi kayan ya cusa a bayan buhuna. Ɓera har ya fara cin gefen guda.

Mu ma dai maƙwabta duk kanwar ja ce. Babu gidan da ba shi da faifanta ko tabarmarta a lungun nan, kuma in za a faɗi gaskiya tausayi ne ya saya, ba sha'awa ba. Ta san haka, ba yarinya ba ce.

Ya Meram banda take yi tun zuwana unguwar ina amarya. Mijinta masunci ne, shi ya kamo, ita ta ƙyafe. Sai kacalla, wannan doguwar ciyawar ruwa, ta cinye hanyoyin ruwa, kifi ya ja baya, mijin kuma Allah ya karɓi abinsa bai bar mata ɗa ba. Kowa a garin nan tsine wa kacalla yake yi. Ita kuwa wata rana ta sa aka yanko mata dami, ta shanya a inuwa, ta yayyafa ruwa ganyen ya yi laushi, ta zauna saƙa. Mun sha dariya, ni ce ma kan gaba. Na ce mata, mace ta haura hamsin sannan za ta fara sana'a da ciyawar da ko jaki ba ya so?

Amma hannun nan nata akwai baiwa. Ba ta kwaikwayi saƙar kaba da muka sani ba, zanen kanta ta ƙirƙiro. Ta rina wasu ganyen da galura shuɗiya, ta jera su a tsakiyar tabarma kamar ƙayar kifi, sauran ta bar su da launinsu. In ka zauna a kai taushi ne da ita, ba ta ɗaukar zafi irin ta roba. Matsalar dai wa zai bar tabarmar roba mai arha ya sayi ciyawa?

Abin da take so guda ɗaya ne, kuma ta faɗa mini shi a kan turmin nan. Wanda bai san ta ba, bai san ta rasa miji ba, bai ji likita ya ce ƙodarta ta taɓu ba, ya ɗaga tabarmar ya so ta don kanta. Ta ce in hakan bai faru ba, to ba sana'a take yi ba, bara take yi da ado.

Shi ya sa ta ƙudura zuwa kasuwar Gashua, inda ba a san fuskarta ba. Abbagana ya zo da yamma ya durƙusa ya ba da haƙuri, ya ce tafiyar ce dai bai yarda ba, jikinta ba zai ɗauki jijjigar mota ba. Ta ce masa ita ta goye shi, ba shi ya goye ta ba. Ya juyo gare ni wai in sa baki. Na ce ni zan raka ta, in yana da magana ya same ni a gidana. Haushinsa nake ji, ko da yake na san ƙauna ce ta sa shi.

Daga nan ba ta ƙara sayar wa kowa a unguwa ba. Ko faifai ka nema sai ta ce an yi na Gashua ne. Kullum da hantsi tana ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, ƙafa a miƙe a kan buhu, ƙwaryar ruwa a gefe tana yayyafi. Fuskarta ta fara tasawa, abinci ba ya zama mata a ciki, wani lokacin sai ta tsaya cak ta jingina da bango ta lumshe ido. In na yi magana sai ta ce in miƙo mata shuɗin can, in rage surutu.

Ranar kasuwar muka ɗaure kaya tun da sassafe, na aika aka kira mai kurkura, babur ɗin nan mai ƙafa uku, zai kai mu tasha. Ta yi wanka, ta sa lafaya mai ruwan toka, ta yi turare. Da ta yunƙura za ta miƙe sai gwiwa ta ƙi. Ta sake gwadawa, na riƙe ta, na ji duk nauyinta ya dawo kaina. Kurkurar da ta zo kai mu tasha ita ta kai mu asibiti.

A kan gado ta kamo gefen mayafina.

"Kada a kwance kayan nan. In na tashi sai mu tafi."

"Ba mai taɓa su, Ya Meram."

Ba ta tashi ba. Bayan 'yan kwanaki, ana kiran sallar la'asar, ta cika a hannun matar Abbagana. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata, kuma a cikin kukan har da haushi, don na ga saura kaɗan burinta ya cika.

Zaman makoki ya tara jama'a fiye da zato. Dangin mijinta masunta sun zo, danginta na garin Jajimaji sun zo, mutanen kasuwa sun zo saboda Abbagana. Kamar yadda aka saba kowane gida ya fito da tabarmarsa, duk da haka ba su isa ba, tsofaffi na tsugune a ƙasa. Ina can wajen tukunya, na dawo na tarar an kwance kayan Gashua an shimfiɗe tsakar gida da su. Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma wa zan tasa daga kan tabarma a gidan mutuwa? Na haɗiye, na nemi gefe na zauna.

Wata mata ce kusa da ni, doguwa, da tsagar Badawa a kumatu. Ta yi gaisuwa ta yi addu'a, sai na ga tana shafa tabarmar. Ta ɗaga gefe ta leƙa bayanta, ta ja saƙar da farce, har ta sunsuna. Can ta matso ta rage murya.

"Baiwar Allah, ki gafarce ni, na san ba wurinsa ba ne. A ina ake sayar da irin wannan?"

Na dube ta sama da ƙasa. Na tambaye ta wa ya turo ta, Abbagana ne? Ta ce ba ta san wani Abbagana ba. Daga Gashua take, ƙawarta ta rako, marigayiyar ma ko sunanta ba ta riƙe ba. Ta ce saƙar ta yi, sai dai bakin nan ya ɗan karkace, shuɗin kuma wa ya sani ko zai zuba in ya ji ruwa, saboda haka kada a tsawwala mata.

Ni 'yar kasuwa ce, jikar 'yan kasuwar Haɗeja. Mai tausayi ba ya kushe kaya. Na tashi na sa aka kira mini Abbagana zaure, tunda kayan yanzu na magada ne. Da ya ji, ido ya cika masa, ya ce a ba ta kyauta, Allah ya kai ladan kabarin yayarsa.

"Ba kyauta ba," na ce. "Saya za ta yi."

A zauren muka yi cinikin, murya ƙasa-ƙasa. Ta taya, na ce albarka. Ta ƙara, na ce ta dubi zanen da kyau, ba za ta same shi a Gashua ba, ba za ta same shi ko'ina ba. Ta yi kamar za ta tafi, na ƙyale ta, ta dawo. Hawaye na zuba ina share shi da mayafi, ita kuwa ta ɗauka na makoki ne kawai. Ban sallama ba sai da ta kai farashin da Ya Meram ta yanka da bakinta.

Ta koma ciki ta roƙi matan da ke kai su ɗan matsa, ta naɗe tabarmar ta sa a hammata, ta bi ƙawarta suka fita. An yayyafa wa tsakar gidan ruwa da safe, ƙasar da sauran danshi, sai ga shatin saƙar kwance a wurin, layi bayan layi. Na tsaya ina kallonsa har wata ta kawo tabarmar roba ta shimfiɗa a kai.