Ranar da Sifana Ya Share Gareji

Sifana da hannunsa ya share garejinsa tas, a ranar da bai kamata ya ɗauke ko tsinke ba. Shi ya sa aka karɓe wurin.

Bakanike ne, shekara ashirin da uku yana gyaran mota a wani fili bayan tankin ruwan unguwa. Filin na hukuma ne, takarda ko ta naɗe ƙusa ba shi da ita. Sunan kuwa ya same shi ne don ko gaisuwar mara lafiya zai je, da sifana a aljihunsa.

Wata safiya aka liƙa sanarwa a jikin turken lantarki. Hukuma za ta gina gidaje arba'in masu sauƙin haya, wuri biyu take dubawa: filin da ke gaban layinsu Sifana, ko wancan na bayan tanki. Ranar Talata za a zo a gani. Wanda aka tarar ba a amfani da shi, nan za a yi ginin.

Da yamma maza suka cika shagon Tela.

"Ni ba ƙin talaka nake ba," in ji Tela, allura a bakinsa. "Ni ma shi ne. Amma gida arba'in? Famfonmu da ko yanzu tari yake yi kafin ya ɗiga?"

Wani ya ce yara za su yi yawa. 'Ya'yansa tara. Wani ya ce ba a san halin masu zuwa ba, alhali bara aka kama shi da kazar maƙwabci a cikin riga. Shi Sifana damuwarsa iska ce. Tagar ɗakinsa filin take kallo, in aka yi bene a nan, sai dai su dahu.

"Ku saurara," ya ce. "Sun ce wanda ba a amfani da shi. To mu yi amfani da shi mana! Ina da matattun motoci sha ɗaya. Mu turo su nan."

Aka tafa masa. Tela har ya ce da ya yi boko da ya yi lauya.

A gida matar Sifana ta saurare shi tana tsifar gashin 'yarsu.

"Baban yara, in ka kwaso komai nan, can ɗin fa?"

"Can ai kowa ya san nawa ne."

"Kowa a unguwa. Su masu zuwan 'yan unguwa ne?"

"Ke dai yi kitsonki."

Kwana biyu suna turi. Motar da ba taya aka ɗora ta kan katako, aka ja da igiya. Tela, wanda bai taɓa ɗaga abin da ya fi almakashi nauyi ba, ya dafa bayan wata tsohuwar bas yana nishi, ƙafafunsa kawai ke tafiya. Aka kwaso injina, tayoyi, jak, har rumfar kwanon.

Da a nan Sifana ya tsaya, da sauƙi. Baƙin mai da tarkace da sun yi masa shaida. Amma da ya koma ya ga ƙasar da rabonsa da ganinta tun yana da gashi, sai ya hango wani abu na ƙyalli. Ashe sifanarsa ce mai lamba goma, wadda ya yi wata guda yana zargin surukinsa a kanta. Ya tona gefe, ga noti. Ya ƙara tonawa, ga fulogi sabo ful. Bakanike ba ya ganin noti a ƙasa ya wuce. Ya ɗauko maganaɗisu da tsintsiya ya bi filin taku-taku, ya cika bokiti uku. Da ya ga dabbaren baƙin mai ya yi muni a tsakiyar wuri mai tsabta haka, ya sa aka kawo yashi ya rufe.

Ranar Talata wata jami'ar hukuma ta iso da mai awon fili. Gaban layi suka fara. Sifana ya sa rigar aiki, ya shige ƙarƙashin motar da ta shekara takwas ba inji, yana buga guduma kamar gobe za ta hau titi.

"Kai, nan ai sana'a ake sosai," in ji jami'ar. "Malam, naka ne?"

Ya fito yana washe baki. "Nawa ne, ranki ya daɗe. Da nan muke ci."

"Ba za mu taɓa abincin mutum ba. Mu je na biyun."

Mutanen layi suka biyo su. Tun daga nesa Sifana ya hango aikin hannunsa. Fili fes, yashi lukui, ko sawun kaza babu.

"Ma sha Allah!" in ji jami'ar. "Wa ya gyara mana?"

Mai awo ya leƙa ramin da Sifana ke shiga duba ƙasan mota. "Har ramin masai an haƙa, ranki ya daɗe."

"Nan ma ana aiki," in ji Sifana.

"Wane aiki?"

Tela ya taka masa ƙafa. In ya ce nan ne garejinsa, na gaban layi ya zama ƙarya, ga maƙwabta talatin sun zuba masa ido.

"Wani bakanike ne..."

"Yana ina?"

"Ya tashi, ranki ya daɗe," Tela ya karɓe da sauri. "Mutumin kirki. Ya koma gaban layinmu."

Ta rubuta. Kafin mako ya zagayo an kewaye bayan tanki da kwano.

Sifana ya ce to, sai ya zauna inda ya koma ɗin. Kwana huɗu ya yi yana aiki a gaban layi, na biyar maza suka zo ƙofarsa, Tela a gaba, hula a hannu.

"Yaya, ka yi mana ƙoƙari, Allah ya saka. Amma gudumar nan taka ta hana jarirai barci. Ga sauro a cikin tayoyi. Motocin sun gama aikinsu."

"In kai su ina, ɗan albarka?"

"Kai da kake da dabara?"

Masu sayen ƙarfe suka kwashe su a rana ɗaya. Yanzu Sifana a bakin babban titi yake, da akwatin kayan aiki da kwali guda na shimfiɗa. Ba rumfa, ba rami. Yana da shekara hamsin da shida, da bayansa yake jan jiki ƙarƙashin mota a kan kwalta mai zafi, in zai tashi sai mai motar ya miƙo masa hannu.