Wanda Ya Haye Kubanni

Shekara ashirin Chidubem ya yi yana cika wa 'ya'yansa kunne a Anacha da labarin ranar da ya haye kogin Kubanni da iyo. A Tudun Wada aka haife shi, ubansa na sayar da kayan keke. A bakinsa, kogin nan ya kusa kai kogin Kwara faɗi. Don haka da ya rako 'yarsa Amaka karatun jami'a a Kongo, kusa da unguwar da ya tashi, abin da ta fara nema shi ne a kai ta ta ga kogin.

Bawan Allah ya manta watan Maris ne. Suka ratsa lambunan kabeji da albasa, suka tarar da wani ɗan siririn ruwa, injin ban-ruwa na zuƙe abin da ya rage. Wata akuya ma ta tsallake shi a gabansu. Amaka ta dubi ubanta, shi kuwa kunya kamar ya nutse.

Ya hango wani tsoho mai lambu, Malam Nagoda, ya gaishe shi da Hausarsa ta yarinta.

"Baba, don Allah, ina ruwan nan yake kaiwa da damina?"

Tsohon ya nuna reshen mangwaro sama da kan mutum, inda ledoji da busassun ciyayi suka maƙale. "Mu da wannan muke gane ruwan bara. Can ya kai."

Amaka ba ta jin Hausa, amma ta ga ledojin, ta riƙe baki. Chidubem ya gyara tsayuwa. "To a irinsa na haye, ina ɗan shekara sha biyu!"

Malam Nagoda ya ƙura masa ido. "Kai ne ɗan mai kayan keke? Ai ba ka haye ba. Yayana Salmanu ne ya fizgo ka ta wando, ya matse maka ciki, ya kwantar da kai a wancan ƙetaren. Tsoron ubanka ya sa ya gudu kafin ka farfaɗo."

 Shi dai Chidubem iyakar saninsa, ya shiga ta nan, ya buɗe ido a can.

"Salmanun yana ina?"

"Bara Allah ya yi masa rasuwa."

Amaka ta taɓa hannun ubanta, ta tambaye shi da Ibo me tsohon ya ce. Chidubem ya dubi ƙetaren. Sannan ya fara faɗa mata, ya soma da sunan Salmanu.