Farin Layi Cikin Bisimilla

Shagon Hajji Rif'at yana wani lungu bayan kotun garin Tanta, tsakanin mai gyaran agogo da amalanken dafaffen wake na Ammu Shahata. A da nan ake zuwa rubuta allunan shaguna da ƙyallayen biki da na zaɓe, domin a unguwar babu mai hannun Hajji wajen rubutu. Yanzu masu manyan injina sun kwashe aikin, hannun ma ya fara rawa, rabin shagon ya koma ma'ajiyar gwangwanayen fenti da suka bushe.

Wannan rabin ne ɗansa Midhat yake so. Ammu Shahata ma shi yake so, don ya jera tebura masu cin wake su daina tsayuwa a bakin titi. Hajji kuwa ya fi karkata ga Shahata, saboda ya san ɗansa. Midhat ya taɓa gyaran waya, ya taɓa aikin gidan burodi, ya tuƙa babur mai ƙafa uku, kuma babu inda ya cika shekara. Da abu ya ɗan yi masa tauri sai ya ɗauki rigarsa ya fice.

Wannan karon ya sayar da babur ɗin ya sayi firinta, irin ta ofis mai aiki da garin tawada, wadda takarda ke fitowa da ɗumi. Lissafinsa shi ne mutanen da ke cika ƙofar kotu kullum da safe, kowa da ƙorafin da yake so a buga masa, suna tafiya har bakin tasha neman inda za a buga. Hajji ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce to. In na'urar ta yi aiki a gabansa, kusurwar ta Midhat ce. In ta ƙi, Shahata ya kawo teburansa, shi kuma Midhat ya tafi Bur Sa'id wurin kawunsa, inda ake neman masu sauke kaya a tashar jiragen ruwa. Ya ce ya gaji da ganin ƙato yana yawo da hannu a aljihu.

Kwalin ya yi kwanaki a tsaye bayan ƙofa, an jingina shi da gefe saboda rashin wuri, kafin Midhat ya gama kwashe gwangwanayen ya samo tebur. Ranar da zai haɗa ta, tun da hantsi ya yi wanka ya sa farar riga. Ya fito da na'urar, ya bi ta yana ɓare ledoji da soso da jan selotif da aka liƙe ko'ina. Ya buɗe cikinta ya zare doguwar ledar da ke toshe bakin mazubin tawadar, ya mayar da shi har ya ji ya ce ƙyas. Ya jona wayar wuta, ya jona ta kwamfuta, tsohuwar kwamfutar ƙanwarsa da ta gama makaranta ta bar masa.

Ammu Shahata ya baro amalankensa ya tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

"Injiniya, yaushe za ta fara buga mana kuɗi?"

"In ta fara, kai ne na ƙarshe da zan gaya wa, Ammu."

"Ka yi a hankali dai da bangon nan. A nan zan rataya madubi."

Midhat bai kula shi ba. Ɗan allon da ke goshin na'urar ya haska da wani harshe da ba ya ji, ya yi ta latsawa har ya mayar da shi Larabci. Ya sa manhajar da za ta sa kwamfutar ta gane ta, ya jira, ta gane. Ya lura an saita girman takarda a kan irin ta wata ƙasa, gajera mai faɗi, ya canza zuwa irin wadda ake sayarwa a nan. Ya kaɗa takardun da yatsa don kada su manne, ya zuba a aljihun na'urar, ya tura. Duk wannan ya koya ne a wurin wani abokinsa da ke aiki a shagon da ya saye ta, kuma hannunsa bai yi kuskure ba ko sau ɗaya. Saura shafin gwaji, wanda na'urar ke bugawa da kanta ba tare da kwamfuta ba: layuka da akwatuna baƙaƙe da 'yan rubuce-rubuce, don a ga ko komai yana fita daidai.

Ya kai yatsa kan maɓallin ke nan sai Hajji ya yi gyaran murya daga kan kujerarsa. Ya tambayi abin da zai fito. Midhat ya gaya masa. Hajji ya girgiza kai. Ya ce a shagon nan ba a taɓa fere sabon alƙalami a fara da shirme ba, ba a taɓa buɗe sabuwar kwalbar tawada a fara da sunan mahauci ba. Abin da zai fara fita daga bakin na'urar nan Bisimilla ne, cikakkiya, sannan duk abin da ya ga dama.

Midhat ya so ya yi musu, amma ya ga abin bai kai ba. Ya rubuta Bisimilla a kwamfutar da manyan haruffa, ya baje ta a faɗin shafi, ya tura. Na'urar ta yi gurnani, ta ja takarda, ta turo ta da ɗumi. Hajji ne ya miƙa hannu biyu ya karɓa.

Farin layi ya ratsa shafin daga sama har ƙasa, faɗinsa kamar yatsa, kuma ta tsakiyar sunan Allah ya bi. Harafi guda ya ɓace ɗungum, na kusa da shi ya fito rabi.

Ammu Shahata ya sauke ludayinsa.

Midhat ya ce ƙila don farko ne. Ya sake turawa, ta fito da layin a daidai inda yake. Ya canza irin rubutun ya sake, haka dai. Ya ɗauki ta ƙarshen zai dunƙule ta kamar yadda kowa ke yi wa takardar da ta lalace, sai ya ji hannun babansa a wuyan hannunsa.

"Ina za ka kai ta?"

Midhat ya dubi kwandon shara, ya dubi takardar, ya saki. Hajji ya tattara su, ya sumbace su, ya kai goshi, ya ɗora a saman kabad inda babu abin da zai hau kansu. Sannan ya juyo ya ce ya isa. Ba za a ƙara yanka sunan Allah a shagonsa ba.

"To bari in buga shafin gwajin, Baba. Shi zai nuna min ko daga kwamfuta ne ko daga na'urar."

"Na ce Bisimilla ce farko."

"Ai ta fita."

"Ba ta fita ba. Abin da ya fita guntu ne."

"To in sake ta."

"Na ce ba za a ƙara ba."

Midhat ya tsaya yana kallonsa. Ba ya iya buga Bisimilla, ba ya iya buga wani abu kafin Bisimilla, kuma babansa ba wasa yake yi ba. Hajji ya koma kujerarsa yana jan carbi, ya ce a hankali, kamar da kansa yake, abin da ya fara da haka ba a tilasta shi.

Wuyan Midhat ya ɗau zafi. Ya san wannan zafin, shi ne ya fitar da shi daga gidan burodi, shi ne ya fitar da shi daga shagon waya. Ya fice ya bar na'urar tana ƙyafta koriyar fitila.

Bai yi nisa ba, a jikin amalanken ya tsaya. Ammu Shahata ya tsaga gurasa ya zuba masa wake da mai da lemun tsami, ya miƙa masa ba tare da ya tambaya ba. Ya ce Bur Sa'id gari ne mai kyau, akwai iska, akwai kifi. Midhat ya ce masa ya je ya ci kifin shi kaɗai. Shahata ya yi dariya, sannan ya rage murya ya ce shi fa yana son kusurwar nan, ba ya ɓoyewa, amma ba ta wannan hanyar ba. Ya ce tsohon nan tsoro ya ji, ba taurin kai ba ne, kuma wanda ya ji tsoro ba a yi masa ihu.

Midhat ya ci gurasar a tsaye yana leƙen cikin shagon. Babansa ya tashi ya sauko da takarda ɗaya, ya kawo ta kusa da hasken ƙofa, yana bin gurbin harafin da ya ɓace da ɗan yatsa, sama, ƙasa, ya lanƙwasa. Haka yake yi tun Midhat yana ƙarami, lokacin da yake ƙoƙarin koya masa rubutu. In layin almajiri ya karye, malami ba ya yaga takarda. Alƙalami yake ɗauka ya bi ta kan wurin ya cike, ya mayar wa mai ita.

Midhat ya goge hannunsa ya koma ciki. Ya wuce babansa ya buɗe aljihun teburin aiki, ya ɗauko alƙalamin kara da kwalbar tawada, ya ajiye a gabansa.

"Baba, ka cike mata."

Hajji ya dube shi ta saman tabarau.

"Almajira ce, yau ta fara. Layinta ya karye. Ni da nawa ya karye ba ka ce in tafi Bur Sa'id ba."

"Kai ai da kanka ka gudu."

"Yau ga ni."

Hajji ya ɗauki alƙalamin ya juya shi a hannu. Sannan ya ce hannunsa yana rawa. Midhat ya ce zai riƙe masa takardar. Tsohon ya ja tsaki, ya duba bakin alƙalamin, ya ce ya dakushe, ya ɗauki 'yar wuƙarsa ya fere. Ya ɗiga ruwa a tawadar ya motsa. Midhat ya danne gefen takardar da tafin hannu biyu a kan tebur.

Alƙalamin ya yi rawa a iska, amma da ya sauka a kan takarda sai ya nutsu. Ya ja harafin da ya ɓace a tsaye, ya haɗa rabin da ya rage, ya bi gefen da tawadar na'urar ta dusashe ya ƙara masa baƙi. Yana yi yana mita, wai wanda ya zana waɗannan haruffan bai taɓa zama gaban malami ba, duk sun yi ƙiba kamar 'yan kasuwar auduga. Da ya gama ta farko ya ce a kawo sauran, ba za a bar su haka ba. Ya cike su duka, ya jera su su bushe.

Ya ɗaga ta farkon ya karanta a bayyane, tun daga farko har ƙarshe. Sannan ya ce, "An buɗe. Buga shirmenka."

Midhat ya latsa maɓallin. Shafin gwajin ya fito da akwatunansa da layukansa, farin layin ya ratsa su duka a wuri guda. Ke nan ba kwamfutar ba ce, tunda ba ta da hannu a wannan shafin. Ya buɗe na'urar ya zaro mazubin tawadar, ya auna shi a hannu, ya ji gefe ɗaya ya fi nauyi. Sai ya tuna yadda kwalin ya yi kwanaki a tsaye bayan ƙofa. Garin ya gangara ya dunƙule a gefe guda. Ya riƙe shi a kwance ya yi ta jijjiga shi a hankali, dama da hagu, kamar mai tankaɗe, har ya ji nauyin ya daidaita. Ya mayar, ya rufe, ya sake latsawa.

Layin ya ragu ya koma kamar zare. Ya sake fitarwa ya jijjiga, ya sake bugawa. Wannan karon akwatunan sun fito baƙi ƙirin daga gefe zuwa gefe, ƙananan rubutun ma ana karanta su tsaf. Hajji ya karɓa, ya kai kusa da ido, ya nisanta, ya shafa da babban yatsa ya ga ko zai goge. Bai goge ba.

Ammu Shahata ya leƙo ya tambaya ko ya je ya kirawo kafinta ya fara haɗa masa tebura.

"Kirawo shi," in ji Hajji. "Yaron nan yana buƙatar kanta a bangon can, da benci na masu jira."

"Ni kuma fa, ya Hajji?"

"Masu jira suna jin yunwa, Shahata. Ka matso da amalankenka kusa da ƙofa."

Shahata ya ce wannan zalunci ne, amma zai yi tunani. Ya koma wurin tukunyarsa yana gaya wa mai gyaran agogo cewa Injiniya ya ci gurasa bai ce na gode ba.

Kafin azahar wata mata ta tsaya a ƙofar da jaka a hammata, ta ce an ce mata a nan ana buga takarda. Tana so a mayar da ɗanta makarantar da ta fi kusa da gida, an ce sai ta kawo buƙatar a buge. Midhat ya jawo mata kujerar babansa, domin babu wata, Hajji ya tashi ya ba ta. Midhat ya zauna gaban kwamfutar ya tambaye ta sunan yaron.