Tukwicin Kartar Mushe Jibirilla

Mushe Jibirilla, wato Malam Jibirilla, mutumin Doso ne, gwamnati ta kawo shi Gure ya koyar a lakwal, makarantar boko ke nan. Wata shekara ya je horo Damagaram ya dawo da takarda guda, an zana mata gida-gida: raƙumi uku, guga biyar, albasa tara, kowane zane da lambarsa. In an yanka da almakashi sai ta zama karta, yara su buga su koyi ƙirga. Waɗanda suka ba shi sun ja masa kunne: kyauta ce, kowa ya buga ya raba, amma malamin da aka kama ya karɓi ko ƙwai ɗaya a kanta ya yi sallama da alli.

Ya murza injin buga takarda na lakwal har kafaɗarsa ta yi tsami. Maimakon ya raba a aji, sai ya bi gida-gida da ƙafarsa.

Gidan Iya Biba ya fara shiga, tsohuwa mai jikoki goma sha ɗaya. Ta juya takardar, ta shinshina, ta shiga akurki ta fito da kaza.

"Iya, kyauta ce fa."

"Na ji, ɗana. Kai ka zana ta?"

"A'a, ba ni aka yi in kawo."

"To aiko ka aka yi ke nan. Wa ya taɓa sallamar ɗan aike hannu banza? Riƙe tukwicinka."

Ya karɓa don kunya, ya zagaya bayan gidan ya jefa kazar ta kan danga. Iya Biba ta gan ta tana kiwo a tsakar gida, ta riƙe haɓa. "Wato ta yi masa kaɗan!" Kafin la'asar kaji biyu na ɗaure a ƙofarsa.

Unguwa ta ji Biba ta ba da biyu. Wa zai yarda a ce ya gaza Biba? Zabbi suka zo, agwagi suka zo, wani mutumin Kelle da ko ɗa bai da shi a lakwal ya aiko da tantabaru. Duk wadda Mushe ya mayar sai ta dawo da ƙawarta. Ya wayi gari ya zura ƙafa a takalmi, ya taka ƙwai.

Magana ta kai kunnen Fannami, mai duba makarantu. Ran Alhamis ya sauka daga mota, yana tsallake agwagi.

"Mushe, lakwal kake ko cin kasuwa?"

"Ranka ya daɗe, wallahi ban sayar ba. Mayarwa nake, su kuma suna haihuwa a hanya."

Fannami ya zaro biro, ya ce a kai shi inda abin ya fara. A gaban Iya Biba ya fitar da kartar daga jakarsa, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Iya, kin ga? Haka ake yi. Na ba ki, kin karɓa, shi ke nan."

"Kai ka zana ta?"

"A'a, daga Yamai aka…"

Mushe Jibirilla ya yi tari, ya ƙara tari, a banza. Ta riga ta shiga akurki, ta fito da zakara ta danƙa wa Fannami.

"Ba na karɓa," in ji Fannami, ya ajiye zakaran a ƙasa.

"Ai da gaskiyarka, babban mutum kamarka! Ni ce na yi wauta."

Ta koma ciki ta jawo bunsuru. Fannami ya buɗe baki, Mushe ya matsa kusa da kunnensa.

"Ranka ya daɗe, akwai saniya a bayan rumbun can. Na gan ta."

Fannami ya dubi bunsurun, ya leƙa bayan rumbu, ya mayar da biro aljihu. Ya ce shi bai ga ciniki a Gure ba, kiwo ya gani, kuma kiwo darasi ne, a kai kajin bayan aji yara su riƙa ƙirga su. Aka ɗora bunsuru a kujerar baya, ya fara cin kwalar rigar direba.

Iya Biba ta biyo su har bakin hanya.

"Igiyar ba ta cikin tukwicin fa! A kwance min abata."